Shin Kai Ɗalibai Gandun Dajin Yankari Yana Cutar da Muhalli?

Wata malama da ke koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Kano ta aiko da tambaya. Ta ce kowace shekara makarantarsu tana kai ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi gandun dajin Yankari, amma wani abokin aikinta ya dage cewa ɓarnar tafiyar ta fi amfaninta, domin ana ƙona mai, ana bar wa dajin tulin ledoji, ana firgita namun daji, sannan yaran su dawo ba su riƙe komai ba sai hotuna a waya. Tana son sanin ko ya kamata su daina, in kuma ba za su daina ba, yaya za a yi tafiyar ta zama mai amfani ga yaran ba tare da ta cutar da dajin ba.

Malama, abokin aikinki ya ga abin da yake faruwa da gaske, kuma ban ga laifinsa ba da ya faɗa. Inda muka rabu da shi shi ne a kan magani. Ni a ganina daina tafiyar ba zai rage wa Yankari wata cuta mai yawa ba, sai dai ya rage mata masoya, alhali ƙarancin masoya na cikin manyan matsalolin gandayen dajinmu. Abin da ya dace shi ne a sake fasalin tafiyar tun daga tushe, ta yadda in an dawo za a iya nuna abin da aka bar wa dajin da maƙwabtansa na alheri, da abin da yaran suka ɗauko wanda zai ci gaba da aiki a Kano.

Bari in fara da batun mai, domin shi ya fi sauƙin warwarewa. Daga Kano zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin, da dawowa kimanin kilomita 800 ne. Idan muka ƙaddara bas mai ɗaukar mutum 30 tana shan lita 20 ta man dizal a kowace kilomita 100, to za ta ƙone lita 160, kuma kowace lita ɗaya ta dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Jimilla kilo 430 ke nan ko kusa da haka, wato kowane ɗalibi kilo 14. Janareton makarantar da ke shan lita 10 a rana zai ƙone wannan adadi cikin kwana 16. Hayaƙin yana da illa, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin illolin tafiyar, kuma maganinsa a bayyane yake: a cika mota ɗaya mai lafiya maimakon a jera ƙananan motoci biyar, a kuma daɗe a can gwargwadon wahalar zuwa. Na ma fi so ki sa ɗaliban su yi wannan lissafin da kansu kafin a tashi, domin darasi ne mai kyau a karan kansa.

Ainihin ɓarnar tana faruwa ne bayan an shiga ƙofar dajin ta Mainamaji, kuma ba a fahimtar ta sai an san yadda dajin yake rayuwa. Yankari, wadda ke ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga baƙi a 1962, ta zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ta koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Duk wannan faɗin, rayuwar dabbobinta a lokacin rani ta rataya ne a kan kogin Gaji. Da damina ruwa yana ko'ina, ciyawa ta yi tsawo, namun daji sun bazu, sai mutum ya yi yini bai ga komai ba. Da zarar rani ya yi nisa, tafkuna sun ƙafe, to giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo duk sai su gangaro kwarin Gaji neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Shi ya sa ake ba baƙi shawarar zuwa tsakanin ƙarshen Disamba da Afrilu. Amma ki lura da abin da wannan yake nufi: lokacin da ya fi daɗin kallo a gare mu shi ne lokacin da dabbobin suka fi shiga ƙunci. Gwankin da ya yi tafiya mai nisa cikin zafin bazara don ya sha ruwa, idan motar ɗalibai ta tsaya kusa da mashayarsa ana ihu ana buga jikin mota, zai juya ya koma da ƙishirwarsa, ya ɓata ƙarfin da ba shi da abincin mayar da shi. Mota ɗaya ba za ta kashe shi ba, amma mota goma a rana har tsawon makonni tana sauya lokacin da dabba ke zuwa ruwa da wurin da take sha. Saboda haka yin shiru a cikin mota, da tsayawa a kan hanyar da aka shata, da bin umarnin jami'in dajin da ke rakiya, su ne ginshiƙin ladabin ziyara, kuma dole a koya wa yara dalilinsu tun a aji.

Sai batun manyan biran nan da ake kira bika, waɗanda suka mamaye sansanin Wikki. Duk wanda ya taɓa kwana a can ya san yadda suke fizge abinci daga hannun mutum, suna buɗe jaka, har su shiga ɗaki in an bar ƙofa a buɗe. Ba haka Allah ya halicce su ba, baƙi ne suka koya musu. Na taɓa ganin ɗaliban wata makaranta sun kewaye wani babban namiji suna jefa masa biskit don su ɗauki hoto, malaminsu na tsaye yana kallo, kuma kafin la'asar birin nan ya kai wa wata ƙaramar yarinya fizga saboda ya ga leda a hannunta. Abin ya daɗe yana damuna, domin yarinyar ta koma gida da tsoron dabba, birin kuma ya ƙara tabbatar wa kansa cewa mutum rumbun abinci ne. Dabbar da ta saba da abincin mutane tana rage neman nata, tana haɗiye leda tare da abin da ke cikinta, cututtuka kuma suna iya ratsawa tsakaninta da mutum ta kowane ɓangare, tunda jikin biri da na ɗan Adam sun yi kusa. Idan ta zama haɗari ga baƙi, a ƙarshe ita ake kora ko a kashe. Dokar da nake ba kowace makaranta a nan ba ta da sassauci: ba a ba kowace dabba komai, ba a cin abinci a fili ana yawo, kuma duk ledar da ta shigo da motar a cikin motar za ta fita. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a shigo da ita tun farko. A ɗauki ruwa a manyan jarkoki, kowane ɗalibi ya riƙe gorarsa ta sha, a bar buhunan fiya wata a gida, domin ɗalibai 30 da kowannensu zai sha leda 8 a rana za su tara leda 720 cikin kwana 3.

Ruwan ɗumi na Wikki ma yana da nasa haƙƙin. Zafinsa kimanin digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa ya kwarara zuwa kogin Gaji. Duk sabulu ko omo ko man shafawa da aka zuba a ciki yana gangarawa ne zuwa ruwan da kifi da kada da dorina ke rayuwa a ciki. A bar yara su yi iyo, domin yana cikin abin da zai sa su ƙaunaci wurin, amma wanki da wankan sabulu a yi su a masauki.

Akwai kuma wata ɓarnar da ake yi a hanyar dawowa, wadda ba kasafai ake lissafa ta ba. Motar da ta kai yara koyon kare daji sai ta tsaya a bakin titi a loda mata buhunan gawayi saboda ya fi araha a can, ko a sayi naman daji, ko wani yaro ya sayi ɗan kunkuru ko tsuntsu a keji. Gawayin nan daga kirya da makamantanta ake yin sa, itatuwan da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Yaro yana koyo da abin da ya ga babba ya aikata fiye da abin da ya ji ya faɗa, don haka buhu ɗaya a saman mota ya isa ya rushe jawabin kwana uku.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada ku daina. Giwayen Yankari, waɗanda ake ƙiyasta yawansu tsakanin 100 da 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, kuma dajin yana ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da zaki ya rage a ƙasar. Giwa tana ɗaukar ciki kimanin wata 22, kuma takan yi shekara 4 ko 5 tsakanin haihuwa da haihuwa, don haka garken da aka rage da harbi ba ya farfaɗowa cikin ƙanƙanin lokaci. Abin da ke barazana ga waɗannan dabbobi shi ne farautar sata, da shigar da shanu kiwo cikin dajin, da sare itatuwa, da rikici tsakanin giwaye da manoman da ke kewaye. Tun daga 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS take aiki tare da gwamnatin jihar Bauchi wajen sintiri da kula da dajin, kuma akwai masu gadin da suka rasa rayukansu a hannun mafarauta a kan wannan aiki. Irin wannan aiki yana buƙatar kuɗi, yana kuma buƙatar jama'ar da za su damu idan aka yi sakaci da shi. Ɗaliban da ke ajinki yau su ne za su zama 'yan majalisa da alƙalai da 'yan jarida da hakimai, kuma wanda bai taɓa tsayawa ya ga sawun giwa a kan yashi ba, da wuya ya tashi ya kare kasafin kuɗin gandun daji. Gani ya kori ji, kuma babu hoton littafi da zai maye gurbin wannan.

Sai dai ganin ma yana da sharaɗi. Ziyarar da aka saba yi, wadda ake tashi da asuba, a iso da azahar lokacin da dabbobi suka fake a inuwa, a zaga na awa ɗaya, a faɗa ruwa, a juyo, ita ce ta fi kowace tsada idan aka auna abin da aka samu da abin da aka ɓata. Na fi son ɗalibai 25 su kwana biyu ko uku a kan ɗalibai 150 su yi yini ɗaya, ko da hakan zai sa a riƙa zuwa aji aji. A fita da sanyin safiya da kuma yamma, kowane yaro da littafinsa da fensirinsa, da tambaya ɗaya da ya zo nema wa amsa. Wani ya ƙirga nau'o'in tsuntsayen da ya gani, tunda an san dajin da fiye da nau'i 350. Wani ya rubuta itatuwan da ya gane da sunayensu na Hausa, kawo da maɗaci da taura da ɗinya da giginya, ya kwatanta na bakin kogi da na tudu. Wani ya tsaya a kan kashin giwa, tare da jami'in daji, ya duba ƙwallayen 'ya'yan itacen da ke ciki, ya gane da idonsa cewa giwa tana shuka dajin da take ci. Ko ba a ga giwar ba a ranar, wanda yakan faru, yaron da aka koya wa karanta sawu da kashi da karyayyen reshe bai yi asarar tafiya ba. Kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan maƙera inda aka narka tama, su ma suna nuna wa yaro cewa mutane sun zauna a wannan daji tun da daɗewa, kuma tarihin daji da na mutum a haɗe suke.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi ba muhimmanci, wato maƙwabtan dajin. Ɗalibin birni yana ganin giwa a matsayin abin sha'awa, amma manomin da ke gefen Yankari yana iya wayar gari ya tarar garke ya cinye masa dawar shekara a dare ɗaya, tunda babbar giwa tana iya cin abin da ya kai kilo 150 a rana. Ilimin kare namun daji da ya ɓoye wa yara wannan gaskiyar ya tauye su. Ki nemi a shirya muku zama da mutanen ɗaya daga cikin ƙauyukan, ta hannun hukumar dajin da mai garin, yaran su ji daga bakin manomi da makiyayi da tsohon maharbi, su kuma ji yadda ake ɗaukar matasan ƙauyukan aikin sa ido kan zirga-zirgar giwaye don a gargaɗi manoma. A sayi abinci da zuma da tabarmi a wurinsu, a biya ɗan jagora haƙƙinsa cikakke ba tare da neman ragi ba. In da hali, makarantarki ta ƙulla zumunci da wata makarantar ƙauye a yankin, ku ɗauki nauyin wasu ɗalibanta su shiga motar tare da naku, domin akwai yaran da aka haifa a bakin dajin waɗanda ba su taɓa shiga cikinsa a matsayin baƙi ba.

Misalin da ya fi tabbatar mini da wannan yana Jamhuriyar Nijar. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, waɗanda a da suka bazu daga Senegal har tafkin Chadi, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo da sauran itatuwa, wani lokaci kuma su ci waken manoma. Duk da haka yawansu ya haura 600, har aka kwashi 8 daga cikinsu a 2018 aka kai Gadabeji don a kafa garke na biyu. Abin da ya kawo wannan shi ne hana farauta da gwamnati ta yi, haɗe da amfanin da ƙauyukan suka riƙa gani: 'ya'yansu ne 'yan jagora, kuma an tallafa musu da rijiyoyi da ƙananan rance. Amma akwai darasi na biyu mai ɗaci. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a yankin, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, baƙin waje suka ɗauke ƙafa, kuɗin shiga ya faɗi. Kariyar da ta dogara kacokan ga baƙo daga Turai tana iya yankewa a rana ɗaya. Makarantun cikin gida, masu zuwa kowace shekara, su ne baƙin da za a iya dogara da su, kuma wannan wani dalili ne na ci gaba da zuwanku. Tabbas wannan bai ɗauke muku nauyin bincikar tsaron hanya da na dajin kafin kowace tafiya ba, musamman ganin yadda rashin tsaro ya hana ziyartar dazuzzuka irin su Kamuku.

Ba kuma lallai ne kowace shekara a nufi Yankari ba. Dausayin Haɗeja da Nguru ya fi kusa da ku, kuma a lokacin hunturu yana cika da tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai. A can ne aka ayyana wurin farko na Nijeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Ga ɗalibin Kano darasin wurin ya fi kusa da gida, domin madatsun ruwa na Tiga da Challawa da ke jiharsa sun sauya yadda ambaliya ke isa dausayin, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai da yawa, abin da ya shafi masunta da manoman shinkafa da tsuntsaye baki ɗaya. Yaro zai gane cewa ruwan da ake noman rani da shi a Kura da Kadawa yana da masu jiransa a ƙasa.

Abin da ya rage shi ne bayan an dawo, kuma a nan ne yawancin makarantu suke sakin aikin. Idan yaro ya ɗauka cewa namun daji wani abu ne da ke can Bauchi, tafiyar ba ta cika ba. Ki sa kowane ɗalibi ya zauna da kakansa ko wani dattijo a unguwa, ya rubuto sunayen dabbobi da tsuntsayen da ake gani a garinsu a da, waɗanda yanzu babu su, da lokacin da aka daina ganinsu. Za ki sha mamakin tsawon jerin. Sannan ki ba su aikin ungulu. Tsuntsuwar da a da take cika kowace mahauta da kasuwa a ƙasar Hausa, tun 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, da cinikin sassan jikinta don tsibbu. Ita ce ke share mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, kuma ɓacewarta ta faru ne a gaban idonmu ba tare da an yi wata magana ba. Ɗalibai biyar da malami ɗaya za su iya zuwa mahauta mafi kusa sau ɗaya a wata, a rana ɗaya da sa'a ɗaya, su ƙirga ungulun da suka gani, ko da sifili ne su rubuta sifili. Haka za su rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a bishiyoyin unguwa gabanin damina, da adadin sheƙunanta, da yawan itatuwan da suka dasa a harabar makaranta waɗanda suka rayu bayan shekara guda. Duk wannan a littafi ɗaya mai kauri za a riƙa tara shi, tare da abin da aka gani a Gaji da yawan ledar da aka fito da ita, ajin bana ya miƙa wa ajin baɗi kafin su hau mota. Ki kuma gayyaci abokin aikin naki ya riƙe wannan littafi, tunda shi ne ya fara lura da ɓarnar, kuma bayan shekara uku alƙaluman da ke ciki za su nuna muku ko tafiyar ta gyaru ko da sauran aiki.